Doguwar Kujerar Likitan Magana

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da dusar ƙanƙara ta rufe Washington ba. Lokacin ina tuƙa tasi da dare, da yamma ina zuwa ajin manya a unguwar Wheaton, ina koyon karatu da furfura a gemu.

A ajin muka karanta labarin wani likitan birnin Viyena da ya fara warkar da mutane da magana. Har da hoto: majinyaci kwance a doguwar kujera, ido rufe, likita zaune ta wajen kansa. Na haddace shafin (sati uku ya ɗauke ni, ku daina dariya).

Matata Ladi nas ce. Ta gaji da ni. Duk abin da ta kawo, amsata ɗaya: "Yi haƙuri." Rannan ta ce, "Baban Rahila, haƙurin nan naka ya ishe ni. Mu je wajen mai ba ma'aurata shawara, ka buɗe baki ko sau ɗaya. In ba haka ba, na tafi."

Na ce a raina, yau za ta san ni ma na yi boko.

Muna shiga ofishin matar da ke ba da shawarar na hango doguwar kujera. Na cire takalma, na miƙe a kai, na rufe ido, sak yadda yake a hoto. Ladi ta rasa wurin zama.

"Baban Rahila, me kake yi haka? Tashi mana!"

"Ke ba ki san asalin abin ba," na ce. "Haka ake yi tun daga Viyena."

Matar ta jawo wa Ladi wata kujera, ta ce mata ta fara magana. Na ji Ladi ta ce, "Tun da na yi ɓari..." Ɗakin da ɗumi, kujerar da laushi, ni kuma kwana na yi ina tuƙi.

Minsharina ne ya tashe ni. Kujerar Ladi ba kowa. Matar ta miƙo mini takalmana, ta ce, "Ta faɗi komai. Ni kaɗai na ji."

Littafin ya koya mini yadda mai magana ke kwanciya. Yadda mai sauraro ke zama, ashe yana shafi na gaba, ban kai can ba.

Abin da barcin ya ci: mata ɗaya, auren shekara goma sha tara, da 'ya'ya biyu da sai Asabar nake gani.