Wasan Da Ba Nawa Ba

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a wani ƙauye na gefen Kirikasamma ba, ko da yake na yi shekaru ina roƙon Allah Ya mantar da ni ita. A shekarar da aka koma tuƙi a hannun dama ne aka turo ni ofishin gona na Haɗeja, ina saurayi, da takardar makaranta sabuwa fil da biro uku a aljihun gaba (ɗaya ne kawai yake rubutu). A takarda ni ne shugaban masu zagaya fadama. A zahiri kuwa, ko irin shinkafar da ke jure ambaliya ban sani ba sai an nuna mini.

Mai nuna minin shi ne Malam Bukar, wani dattijo Babarbare da ya fara aikin tun kafin a yaye ni. Da ya kalli launin kogi zai gaya maka ko ruwa ya kusa cin gonaki. Akwai kuma sa'ansa, Malam Hamidu, malamin dabbobi, Bafulatani. Kullum da safe ga yadda suke gaisawa:

"Bawana, ka kwana lafiya? Zo ka kakkaɓe mini kujera," in ji Malam Hamidu.

Malam Bukar ya ce, "Ji wannan. Yaushe bawa ya fara aiken ubangidansa? Kakanka da ƙoƙon gero muka saye shi, har yau muna da-na-sani."

Sai ofis ya kaure da dariya. Amma da na leƙo, kowa ya gyara zama, a ce, "Barka da zuwa, Malam," a koma kan takardu. Abin yana ci mini rai ƙwarai. Ina so a yi dariya da ni, ina so in zama ɗan gida. Ba wai ban san wasan Fulani da Barebari ba, na sani. Sai dai ni Bakano ne, abokin wasana Bazazzagi, kuma ko na magani babu Bazazzagi a ofishin nan. Sai na yanke wa kaina shawarar aron wasan mutane. Har gwaji na yi a ɗakina, ina gyara murya.

Ranar Larabar muka tafi kai wa manoma sabon irin shinkafa. Ƙauyen su matar Malam Bukar ne, shi ya sa aka taru sosai a gindin tsamiya: mai gari, manoma, da surukinsa, wani tsoho mai farin gemu da kowa ke russuna wa. Malam Bukar ya yi bayani, mutane suna gyaɗa kai, ni ina gefe ina ta buɗe littafi ina rufewa. Azahar ta yi, na hango buta kusa da ƙafar Malam Bukar. Zuciyata ta ce yau ce ranar. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji:

"Kai bawa, miƙo mini butar nan."

Na kuma bi da dariya, don a san wasa ne. Ni kaɗai na yi ta. Ta yi tsawo, ta siranta, ta mutu a maƙogwarona. Babu wanda ya dube ni, kowa ƙasa yake kallo. Malam Bukar ya tashi a hankali, ya ɗauko butar da hannu biyu, ya ajiye a gabana.

"Ga ta, Malam."

Surukinsa ya jawo takalmansa ya bar wurin, bai yi wa kowa sallama ba. Bayan salla mutane suka zame ɗaya bayan ɗaya. Buhunan iri yadda muka zo da su haka muka mayar da su cikin Landiroba. Muka kamo hanyar Haɗeja.

Washegari Malam Hamidu ya ja ni bayan sito. Na riga shi magana (mai laifi kullum bakinsa da sauri), na ce ai abin da yake faɗa kullum na faɗa.

Ya ce, "Ni in na ce masa bawa, kafin in rufe baki ya mayar mini da biyu. Kai da ka faɗa, ya mayar maka?"

Na ce, "A'a."

"Ta yaya zai mayar, ɗana? Kai kake sa hannu a takardar hutunsa. Mutanen can kuma sun san kai ba Bafulatani ba ne. Abin da suka gani shi ne yaro mai biro ya kira surukinsu bawa, shi kuma ya tashi ya yi masa hidima. Shekara ashirin yana shiga garin nan da mutuncinsa."

Da yamma na sami Malam Bukar a zaurensa, na tsuguna na ce, "Baba, na yi kuskure, a yafe mini."

Ya ce, "Ni na yafe tun a mota. Amma ba a zauren nan ka faɗa ba."

Na gane. Laraba ta zagayo muka koma. Na cire takalmi tun daga nesa, na durƙusa gaban tsohon, a gaban mutanen da suka ji ni, na ce Malam Bukar uba ne a gare ni, shi yake koya mini aiki, kuma rashin hankali ne ya sa na ɗauki wasan da ba nawa ba. Tsohon ya dube ni ya ce, "Allah Ya shirya." Aka karɓi iri. Ni kuma na karɓi suna: daga ranar, duk fadamar nan Mai Bayi ake ce mini. Ina amsawa kuwa, don a ganina hukuncin ya yi daidai.

Wata rana da kaka, muna bakin gona ana yankan shinkafa, wani manomi ya ɗago ya ce, "Mai Bayi, sannu da zuwa." Aka yi dariya, ni ma na taya. Malam Bukar bai yi ba. Ya tsaya ya dube su ɗaya-ɗaya.

"Mutumin nan ubansa ya yanka rago ya raɗa masa suna. Da shi za ku kira shi, ko ina nan ko ba na nan."

Wallahi kunyar da na ji a nan ta fi ta gindin tsamiya. Wanda na tozarta a gaban surukinsa, shi ya tsaya yana kare mini suna, ba tare da na roƙe shi ba.

Na yi shugabanci a ofisoshi da yawa bayan nan, kuma an ce ni mutum ne marar wasa. Ba haka ba ne. Kafin in tsokani wani nakan tambayi kaina ko yana da ikon ramawa. In ba shi da shi, sai in haɗiye abina, in tashi in ɗauko butata da kaina.