Azarar Kakan Alhaji Muntaka

Duk Aujara babu wanda ya taɓa kayar da Alhaji Muntaka a gardama, in ka cire bunsurun nan da ya tare a zauren kakansa. Alhaji ya tsaya cikin babbar riga yana yi masa bayani cewa giginyar da aka yi azarar rufin nan da ita ta girmi duwatsun Dutse, don haka ya fita. Bunsuru ya saurara da ladabi, ya ja da baya, ya ba shi amsa a ƙugu. Tun ranar muke kiransa Sarkin Azara. Shi kuwa, bawan Allah, ya ɗauka naɗi ne.

Gidan kam abin kallo ne. Ginin ƙasa, azara jere kamar kitson amarya, zauren ko da bazara sai ka nemi mayafi. Alhaji ya yi ta sintiri zuwa Dutse har kwamitin adana kayan tarihi ya yarda zai zo ya duba. In sun gamsu, a kafa allo a ƙofa da sunansa. Allon nan, jama'a, shi ne aljannarsa ta duniya.

To amma mutum kamar Sarkin Azara ya tarbi manyan baƙi a ɗakin ƙasa? Wa ya ga abin kunya! Ya sa aka yaye rufin, aka buga kwano, aka yaɓe siminti, aka shafa fenti shuɗi shar. Tsohuwar azara kuwa ya ce wa ƙanwarsa Iyatu a faskara a yi girkin baƙi, kada ta ɓata musu gani.

Baƙi suka ci shinkafa da zabi har da neman ƙari. Shugabarsu, Malama Magdalena, ta wanke hannu.

"Ranka ya daɗe, sai a kai mu tsohon gidan."

"Ai kina ciki, 'yata."

Ta ɗaga kai, zufa na tsiyaya. "Ina azarar?"

Iyatu ta leƙo daga madafa. "Saura guntu ɗaya, Yaya. In ɗora shayi?"

Magdalena ta ce babu azara, babu allo. Musu ya kaure, sai da Alhaji ya karkace hula ya rufe bakin kowa:

"Kun ci ko ba ku ci ba? Azarar kakana ce ta dafa. Tarihin gidan nan ku kuka cinye shi, har da ƙari. Sai ku rataya allon a tumbinku, amma da sunana!"