Jan Biro da Gola Uku

Ba zan taɓa mantawa da ƙarfe huɗu da minti goma sha bakwai na yammacin wata Asabar ba. Na san mintin daidai domin har yau yana nan a jikin saƙon, a wayar Yaya Buba, kuma duk ranar da ya so ya ƙular da ni sai ya buɗe ya nuna min.

A lokacin ina shekarar ƙarshe a makaranta a nan Azare, ina fama da kundin bincikena. Ni ba mai magana ba ce. Shekara huɗu na yi a aji ban taɓa ɗaga hannu ba, ko da na san amsa (kuma yawanci na sani, abin haushin ke nan). Abin da na iya shi ne tsara abu a takarda: a ja layi da rula, a jera lamba bayan lamba. Ko cefane Umma ta ce in rubuta, sai na ware kayan miya daban, kayan wanki daban. Shi ya sa a gida suke ce min Farfesa, kuma ba don girmamawa ba.

Yaya Buba, wanda nake bi, yana da shagon gyaran waya a kasuwa, kuma shi ne shugaban wata gasar ƙwallo da suke bugawa a waya. Su goma ne, kowa da ƙungiyarsa, wasu a Azare, wani a Itas, wani a Sakwa, intanet ke haɗa su. Kafin kowace kakar wasa sukan yi abin da suke kira ɗiba: a jera sababbin 'yan wasa, kowa ya ɗauki ɗaya bi da bi har ya samu biyar. Minti biyu ake ba mutum, in ya wuce bai zaɓa ba na'ura ta zaɓa masa. Da suka yi kaka uku, sai musu ya ɓarke a gurup ɗinsu a kan wa ya fi iya ɗiba. Aka yi mako guda ana cacar baki.

Ranar Laraba Yaya ya same ni a tsakar gida ina karatu.

"Farfesa, aiki na kawo miki. So muke a ba kowa maki a kan ɗibar da ya yi a kaka ukun nan."

"Yaya, ni da ban san bambancin ɗan baya da ɗan tsakiya ba?"

"Shi ya sa ai. Ba ki san ƙwallo ba, ba ki san kowa ba. Ke ce alƙalin da muke nema."

Ya kamata in ce a'a. Ranar Alhamis ta sama za a rufe karɓar kundi, kuma duk wanda malaminsa bai sa masa hannu ba sai baɗi. Nawa ba a sa ba. Amma da Yaya ya turo min hotunan teburan sakamakon wasanninsu, na ga lambobi birjik, babu tsari, babu kan gado, sai hannuna ya fara ƙaiƙayi. Kwana uku na yi a kai. Na ƙirga wasa nawa kowane ɗan wasa ya buga, ƙwallo nawa ya ci, nawa aka ɗauka aka bar su suna ɗumama benci. Na ware waɗanda mutum ya zaɓa da kansa da waɗanda na'ura ta zaɓa masa. Kowace ƙungiya na ba ta shafi guda, da maki daga A zuwa F.

A nan ne ya kamata in gabatar muku da Malam Kyari, malamin da ke duba min kundi. Dattijo ne dogo, asalinsu mutanen Yobe ne, kullum da hula zanna da tabarau a ƙarshen hanci. Ban taɓa ganin haƙorinsa ba. Dokarsa ita ce kowane babi sai an fara kawo masa shi da rubutun hannu, ya ce ta haka yake gane wanda ya yi tunani da wanda ya kwafo. Kuma yana da kalmomi uku da yake dawo min da su da jan biro. In na jero maganganun masana, ya rubuta: "Ina naki ra'ayin?" In na sa abin da bai da gurbi: "Wa ya aike ki?" In abin ya ɓaci gaba ɗaya, a ƙasan shafi: "Ki zo ki gan ni." Shekara guda ina haɗiye kalmomin nan, ban taɓa cewa komai ba sai "To, Malam."

To, da na zo kan ƙungiya ta ƙarshe, wata mai suna Walƙiyar Hardawa, sai na ga abin da ya fi ƙarfina. Mai ita, wanda suke kira Baba Koci, gola uku ya ɗauka a kaka biyu, alhali mutum ɗaya ke tsayawa a raga (wannan kam ko ni na sani). A kaka ta uku kuma ya kwashi tsofaffin 'yan wasa waɗanda ko gudu ba sa iyawa. A raina na ɗauka wani yaro ne mai askin banza da ya raɗa wa kansa sunan manya. Ga jan biro a hannuna, ga haushin shekara guda a cikina, ga shi babu mai gani. Kusa da gola na biyu na rubuta: "Wa ya aike ka?" Kusa da na uku: "Ina naka ra'ayin, ko na'ura ce ke maka tunani?" Na zana F ƙatuwa, na kewaye ta. A ƙasa na rubuta, har da ja masa layi biyu: "Ka zo ka gan ni."

Wallahi na ji daɗi. Na ma yi dariya ni kaɗai, har Umma ta leƙo ta ce, "Lafiya?"

Da na miƙa wa Yaya takardun, sai da na ce masa, "Makin kawai za ka tura musu. Rubutun gefe nawa ne, wasa nake."

Ya ce, "Haba, kar ki damu."

Ƙarfe huɗu da minti goma sha bakwai ya ɗauki hoton shafi goman nan, ɗaya bayan ɗaya, ya zuba su a gurup.

Ban sani ba sai da na ji shi a zaure yana ƙyaƙyata dariya kamar zai shiɗe. Ya shigo yana share hawaye. "Farfesa, kin kashe mutane! Mai ƙungiyar Sakwa ya ce a ɗaukaka ƙara. Na Itas da kika ba A ya ce a sa ki a addu'a." Na fara yi masa faɗa a kan alkawarin da ya saɓa, sai wayar ta yi ƙara. Ya ce, "Tsaya, tsaya, Baba Koci ya turo murya. Zo ki ji."

Ya danna.

"Assalamu alaikum, 'yan gasa. Na ga sakamako. Ku gaya wa mai makin nan saƙo ya iso. An ce in zo in gan ta. To, zan zo."

Akwai wani gyaran murya da Malam Kyari yake yi kafin ya ce "to". Ko a cikin kasuwar Azare ranar Lahadi na ji shi zan gane. Kofin da ke hannuna ban san lokacin da ya faɗi ba.

"Yaya... waye Baba Koci?"

"Wani dattijo ne, kwastomana. Waya ya kawo gyara, ya ga muna bugawa, ya ce a sa shi. Ina jin a makarantarku ma yake koyarwa. Yana da gona a Hardawa."

"A makarantarmu yake koyarwa, shi ne ba ka faɗa min ba?"

"Malamai nawa ne a makarantarku? Ni na san naki ne?"

Na zauna a ƙasa, a nan inda nake. Na fara lallashin kaina cewa ai babu sunana a takardar. Sai na tuna mutumin nan shekara guda yana karanta rubutun hannuna, babi bayan babi. Kuma kalmomin nasa ne, ko waƙafi ban canza ba.

Yaya ya ce zai goge. Na ce goge me, mutum tara sun gani? Ya ce to zai ce shi ya rubuta. Umma, da ta gama jin labarin, ta kalle shi ta ce, "Kai da rubutunka kamar kaza ta taka tawada?" Sannan ta juyo kaina: "Ke da ko baƙo ba kya iya gaisarwa da ƙarfi, yau malami guda kika ce ya zo ya gan ki?"

Ranar Lahadi na rubuta takardar ban haƙuri sau huɗu, duk na yayyaga. Na lissafa abin da zan yi in aka ce sai baɗi. Duk sallamar da aka yi a ƙofar gida sai in leƙa, ina cewa ga shi nan ya cika alkawari. Ɗaya mai sayar da manja ce, ɗaya kuma mai karɓar shara.

Litinin da safe na ga gara in kai kaina. Na yi minti ashirin a ƙofar ofishinsa kafin na ƙwanƙwasa. Na shiga, na durƙusa, na gaishe shi da muryar da ni ma ban ji ta ba.

Ya dube ni ta saman tabarau. "A'a. Ai ni aka ce in zo. Ga shi kin riga ni. Zauna."

A kan teburinsa, a inda ya saba ajiye babina, shafina ne na Walƙiyar Hardawa. Ya buga shi a takarda, mai kala, jan biron ya fito raɗau.

"Malam, don Allah ka yi haƙuri. Wallahi ban san kai ba ne. Zan canza makin."

"Za ki canza? Wato in ɗalibi ya zama babban mutum, sai a canza masa maki?"

"A'a, Malam."

"To makin ba daidai ba ne?"

Na sunkuyar da kai. Ina kallon tayil ɗin ofishin, ina fatan ɗaya ya buɗe in shige.

"Bari in taimake ki," ya ce. "Kakar farko ina gona a Hardawa. Sabis sai ka je gindin wata tsamiya. Kafin in isa, na'ura ta ɗaukar min gola. Wannan laifina ne?"

Ga inda halina ya ci amanata. Zan iya haɗiye zagi, zan iya haɗiye kunya, amma ba na iya jin an faɗi lissafi ba daidai ba in yi shiru. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Wannan ban ƙirga maka shi ba, Malam. Na sa masa alama a gefe. Amma gola na biyu da na uku, a kaka ta biyu, da hannunka ka ɗauke su."

Ya ɗaga gira. "Na biyun ai na ajiya ne."

"Na ukun fa?"

"Don kar mai ƙungiyar Itas ya samu."

"Shi kuma ɗan gaban da ka bar masa, da shi ya ci ka huɗu da nema, Malam. Sau biyu."

Na ji abin da na faɗa yana dawo min a kunne. Amma Malam jawo kujera ya yi, ya ce, "Ci gaba. Tsofaffin fa? Gogewa ba ta da maki a wurinki?" Na ce gogewa tana da maki in ta shiga fili, amma uku daga cikinsu wasa bibbiyu suka buga. Ya kawo hujja, na buɗe jaka na ciro takardar lissafina (e, na zo da ita, ban san dalili ba). Muka yi kusan rabin awa. Ban taɓa yin magana mai tsawon wannan da wani malami ba tun da aka sa ni a firamare. A ƙarshe ya nemi in mayar da F ɗin ta koma E saboda matsalar sabis. Na duba, na sake dubawa, na ce, "Malam, ko an ƙara maka maki biyar ba ta kai ba."

A ranar na ga haƙorin Malam Kyari. Ashe yana da wushirya.

Yau kundin yana kan kanta a ɗakina, da sa hannunsa a shafi na biyu. Na koyi cewa kafin in zare murfin jan biro in fara tambayar mai takardar waye, domin a garin nan duk wanda aka kira Baba, to a bincika, wataƙila Baban ne da gaske. Na kuma koyi cewa "kar ki damu" a bakin Yaya Buba ita ce alamar a fara damuwa. Har yanzu in na hango Malam a hanya nakan sunkuyar da kai don kunya, kuma 'yan gasar nan ba su daina turo wa juna "ka zo ka gan ni" ba duk wanda aka ci.

Amma abin da na fi tunawa shi ne ƙarshen zaman nan. Na tattara takarduna, na miƙe, na kai bakin ƙofa, sannan na tuna abin da ya hana ni barci kwana biyu. Muryata ta koma ƙarama kamar da.

"Malam... kundin fa? Alhamis za a rufe."

Ya jawo aljihun tebur ya ciro shi, ya buɗe babin ƙarshe, ya turo min.

"Ki je ki sake rubuta shafin nan da bakin da kika yi min magana da shi yanzu, ki kawo gobe in sa hannu. Shekara guda ina tambayarki ina naki ra'ayin. Da na san gola uku kike jira in ɗauka, ai da tun bara na ɗauki huɗu."