Ranar da Na Juya Zoben Zahalu a Gaban Ikilisiya

Ba zan taɓa mantawa da waccan Lahadi ta godiyar kaka ba, kuma ko na so in manta, matan zumunta ba za su bar ni ba. Har yau in na shiga kasuwar Doguwa sai na ji wata ta ce, "Ga Malama mai zobe nan."

Ni ce ke koyar da yara a makarantar Lahadi ta 'yar majami'armu mai rufin kwano, ranakun mako kuma ina koyar da kimiyya a firamare. To ni mutum ce mai son a san na sani (ciwo ne, na amsa, har yanzu ban warke ba). Wata rana muna darasin halitta a makarantar Lahadi, na nuna wa yara hoton Zahalu a wayata, wato wata duniya can nesa wadda zobe ya kewaye. Na ce musu zoben nan ba ƙarfe ba ne, gutsattsarin ƙanƙara ne da duwatsu birjik suna ta zagaye, babu igiya babu ginshiƙi, Mahalicci kaɗai ya riƙe su. Yara suka kai labari gida.

Labari ya faɗa kunnen Baba Bulus, babban dattijon ikilisiya. Ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Malama, mun ba ki yara ki koya musu abin da ke rubuce, kin ɗauko musu tatsuniyar 'yan boko. Wane zobe? Wa ya je ya gani?" Bai tsaya nan ba, ya kai wa Fasto magana cewa a karɓe ajin daga hannuna. Ajin da na fara da yara biyar a gindin mangwaro! Raina ya ɓaci ƙwarai. Fasto, da yake ba ya son rigima, ya ce a ba ni minti goma ranar godiya in yi bayani a gaban kowa, daga nan dattawa su yanke hukunci.

Mai hankali zai ɗaga hoto ya yi magana ya zauna. Ni kuwa na ce sai sun gani da idonsu. Na ɗauko faifan surukata, Iya Saratu, ba tare da na tambaye ta ba, na ɗinke lemo a tsakiyarsa ya zama Zahalu, gero kuma shi ne zobe. In na juya faifai, gero ya zagaye lemo, shi ke nan Baba Bulus ya sha kunya. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne ban iya riƙe faifai ba. A makarantar kwana na girma. Satin farko na aurena Iya ta ga yadda nake bakace, ta karɓe faifanta, ba ta kuma sake ba ni ba. Na dai yi gwaji a ɗaki, amma babu gero a kai.

A wurinmu ranar godiya kowa na kawo na gonarsa ya ajiye a gaban bagade: dammunan dawa, masara, kabewa, da kaji an ɗaure musu ƙafa da tsumma tun asuba, ko ƙwaya ba su gani ba. Mai Unguwa Malam Sule, maƙwabcinmu Musulmi da ake gayyata duk shekara, yana zaune a layin gaba cikin farar babbar riga, Baba Bulus na gefensa.

Na fito ina taku ɗaiɗai. Na zazzage mudu guda na gero a kan faifai (rabin kofi ya isa, amma ina son na baya su gani). Na ce, "Jama'a, ku dubi aikin Ubangiji!" Na juya da ƙarfina.

Gero ya tashi kamar an watsa ruwa. Ya shiga gemun Baba Bulus, ya cika cinyar Mai Unguwa, ya sauka a kan littafin Fasto. Zare ya tsinke, Zahalu ya gangara ƙarƙashin benci. Sai kaji suka ga abinci. Da ɗaurinsu da komai suka yi ta fuffuka suna jan ciki, wani jan zakara da tsummansa ya kwance ya ɗare cinyar Baba Bulus ya hau tsattsagar gemu. Majami'a ta rushe da dariya, har mai buga tulu ta kifa kai a kan tulunta tana hawaye. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Baba Bulus ya ture zakara ya ce, "To Malama, mun ga zoben."

Wannan magana ce ta hana ni gudu. Na ɗaga faifan da babu komai a kai na ce, "Baba, kun gani kuwa. Mudu ɗaya na kasa riƙewa na ƙiftawar ido. Shi Mahalicci ya riƙe nasa tun farkon halitta, bai watse ba. Ku karɓe ajin in kun ga dama, amma ba zan ce wa yara zoben ƙarya ne ba."

Sai Iya Saratu ta taso a hankali tana dafa gwiwa. Ta ce, "Ba ni abina." Ta dubi ramin allurar da na yi masa, ta dube ni, ta kife murfin kwano a tsakiya, ta ɗebi gero tafi ɗaya daga ƙasa. Ta ɗan karkaɗa wuyan hannu irin na mai rairaya. Gero ya kwanta, ya shiga zagaye murfin nan, siririn zobe, ƙwaya ɗaya ba ta faɗi ba.

Ta ce, "Wannan ne kike ta yi wa hayaniya?"

Mai Unguwa yana kakkaɓe riga ya leƙo ya ce, "Ikon Allah." Baba Bulus ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Saratu, sake juyawa in gani."

An bar mini ajina, da sharaɗi ɗaya daga bakin Fasto: kada in sake shigo da hatsi majami'a. Haƙuri kuwa na ba Mai Unguwa saboda rigarsa, na ba Iya saboda faifanta. Na zobe ban bayar ba, ba kuma zan bayar ba.

Darasin da na ɗauka shi ne, kafin ki tashi bayyana wa jama'a yadda Allah ke juya sammai, ki je surukarki ta koya miki juya faifai. Duk Asabar ina wurin Iya. Har yanzu kajinta na ganina suke taruwa.