Rasuwar Kyamarar Kuwabara, Wadda Ba Ta Jawo Nesa Kusa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, irin wanda ke hana mutum haɗa ido da maƙwabta, Kuwabara Tetsuji, direban motar raba kaya a garin Kiryu, yana sanar da rasuwar kyamararsa ta farko kuma ta ƙarshe, wadda yake kira 'Yar Azurfa. Ta rasu ranar Lahadi da hantsi, tana da shekara goma sha huɗu.

Ya same ta ne a shekarar da 'yarsa Chihaya ta shiga firamare. Lokacin shekara biyu ke nan da rabuwarsa da uwar yarinyar. Kotu ta bar ta a hannun uwa, shi kuma aka ce ya ja da baya. Sati uku yana zarya a shago, ya ɗaga wannan ya ajiye waccan, don yen dubu ashirin ne iya ƙarfinsa. Mai shago ya ce, "Yallaɓai, daure ka ƙara dubu takwas ka ɗauki mai jawo nesa kusa. Wannan sai abin da ke gaban hancinka." Kuwabara ya yi dariya, ya ce, "Haba! 'Yata ce fa. Ko cikin dubu zan tsamo ta."

Marigayiya mai haƙuri ce, ba ta da yawan magana, in ban da "ziiit" in ta buɗe ido, da "ƙyas" in ta ɗauka. Kowace Oktoba takan raka shi ranar wasannin makaranta. Ba shi da katin shiga na iyaye, don haka a bayan shingen waya suke tsayawa, can wajen ajiye kekuna. Yara ɗari biyar ne a fili, kowa da farar riga da jar hula ko fara. Tun zuwan farko ya hango wata mai gudu da kafaɗa a karkace, irin gudunsa sak, ya ce ga tasa nan. Shekara shida yana bin yarinyar da kyamara. Ya wanke hotuna ya cika bango, ya ishi abokan aiki da labarin 'yarsa ta zo ta ɗaya a tsere.

A ƙarshen rayuwarta marigayiya ta yi fama da mantuwa, ko kwanan wata ba ta riƙewa, murfin batirinta ma da salatif aka ɗaure. Amma ba wannan ne ajalinta ba. Ranar Lahadi Chihaya, da ta cika ashirin, ta tako da ƙafarta ta zo ganin ubanta karon farko. Bawan Allah ya share ɗaki, ya sayo kek. Ta tsaya gaban bango ta daɗe tana kallo.

"Baba, me hotunan Wakaba suke yi a nan?"

"Wace Wakaba?"

"'Yar mai awara. Ni asma gare ni, ban taɓa shiga tsere ba. A rumfa nake zama. Ina ganinka a bayan waya, Baba. Shekara biyu ina ɗaga maka hannu, da na gaji na daina."

Ta sha shayinta, ta yi godiya cikin ladabi, ta tafi. Ba a jima ba marigayiya ta faɗo daga ɗakinsa da ke bene hawa na huɗu. Waɗanda suka gani sun ce da gudun da ta sauko, ba zamewa ta yi ba. Kaico, ita da duk rayuwarta inda aka nuna mata kawai take kallo.

Ta rasu ta bar caja ɗaya, da igiyar ratayawa, da hotuna sama da dubu na 'yar mutane. Ta kuma bar mai gidanta, wanda har yanzu bai iya sauke ko ɗaya daga bango ba, don in ya sauke ba shi da abin da zai mayar.

Za a yi jana'iza ranar Laraba da ƙarfe tara na safe. Za a cire mata batir kamar yadda doka ta ce, a saka ta a akwatin tarkacen lantarki da ke ƙofar ofishin hukumar gari. Ba a buƙatar furanni. Kuwabara zai tsaya a bakin ƙofar yana karɓar gaisuwa har azahar. Ana roƙon jama'a, in Chihaya ta zo, wani ya taimaka ya nuna masa ita.