Aska Bakwai da Gemun Baba

Idan ana lissafin mutanen da Allah ya yi wa baiwar ilimi, to dole a ajiye kujerar gaba saboda Farfesan Kaifi. Ba a jami'a ya samo sunan ba, abokan aikinsa ne suka laƙa masa, shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu. Aikinsa jera fayil a ofis, amma wannan na cin abinci ne kawai. Ainihin abin da ya zo yi duniya shi ne wayar da kan jama'a game da aska.

Aska bakwai gare shi a cikin akwatin katako, kowace da ranarta. Akwai mai ƙotar ƙaho, akwai mai ƙotar ƙashi, akwai wata siririya da yake rantsuwa ƙarfenta sai da ya ƙetare teku biyu. Matarsa ba ta isa ta goge ƙurar akwatin ba.

"Duk namijin da ke aski da rezar roba," in ji shi, ko da kuwa takarda ka zo nema, "ya ci amanar fuskarsa. Aska tarbiyya ce. Fara da mai faɗin baki, in hannunka ya nuna sai mu yi maganar siririya."

Abin da ba a cika faɗa a gabansa ba shi ne, gashin da ke haɓar Farfesa bai kai ashirin ba, kuma ba sa gaggawar tsirowa. Don haka duk kaifin nan a damtsensa yake ƙarewa. Ya wasa, ya gwada a hannu, ya jinjina kai. Hannayensa biyu sumul suke kamar na jariri.

Ana nan sai mahaifinsa ya sami shanyewar ɓarin jiki, hannun dama ya daina aiki. Tsohon direban jirgin ƙasa ne, shekara arba'in bai taɓa fita da gashi a fuska ba. Mai askin da ke zuwa gida ya yi tafiya, mako uku ke nan, gemu ya fito fari fat, mai tauri. Ga shi tsofaffin abokan aikinsa sun aiko cewa za su zo dubiya ran Asabar da ƙarfe huɗu. Tsoho ya ce shi dai kada su same shi haka. Ciwon bai sa shi kuka ba, amma da ya faɗi wannan sai da idonsa ya kawo ruwa.

Ran Asabar da safe Auta, ƙanwar Farfesa wadda ke jinyar tsohon, ta ce bari ta nemo wani mai askin.

"Ina raye?" in ji Farfesa. "A kawo wa mahaifina bare, alhali mutane na neman shawarata daga nesa? Baba, yau za ka san bambancin aski da kankara."

Ƙarfe ɗaya ya iso da akwati, da burushi, da kwanon kumfa, da fatar wasa aska, da tawul uku. Ya sa Auta ta dafa ruwa, ya ce ya yi zafi. Ta surka, ya ce ya huce. Ya kaɗa kumfa, ya shafe fuskar tsoho da ita, sannan ya buɗe akwati, ruwan ido ya kama shi. Ta Asabar ce ya kamata, amma gemun irin na Talata ne. Ya yi wa tsoho bayanin kowace ɗaya, daga ƙota har tsini. Kafin ya gama kumfa ta bushe, aka wanke aka sake.

Ƙarfe uku saura ya rataye fata a ƙofa ya shiga wasawa, sau sittin, yana ƙirgawa da ƙarfi. Auta ta yi tari a na arba'in da ɗaya, ya ce ta ɓata masa lissafi, ya koma farko. Kumfa ta sake bushewa.

"Kai," tsoho ya ce da bakinsa da ya ɗan karkace, "lokaci fa."

"Baba, gaggawa ce ta kashe sana'ar nan."

Uku da rabi ya tsaya a kan tsoho, aska a hannu. Nan ya ga abin da bai taɓa gani ba: fuska ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Akwai kwari, akwai tudu, akwai fatar wuya da ta saki, ga maƙogwaro yana hawa yana sauka. Ya kawo aska ta dama, ya janye. Ya zagayo ta hagu, ya janye. Gumi ya keto masa. Ya ce hasken ɗakin nan bai dace da ƙarfe mai daraja ba.

Tsoho ya juya ido ya dubi agogon bango, sannan ya dubi 'yarsa. Wallahi kallon nan abin tausayi ne.

Auta ta fita. Ta dawo daga kantin bakin titi da rezar roba, shuɗiya, irin wadda ake sayarwa ɗai-ɗai.

"Yaya, matsa. Ungo, riƙe madubi."

Ta jiƙa fuskar, ta ja fatar da yatsa biyu, ta bi ta a hankali tana yi wa tsoho hira. Farfesa na gefe yana faɗin cewa kusurwar ba daidai ba ce, kuma a ƙa'ida ba a farawa daga nan. Minti bakwai ta gama. Tana goge masa haɓa aka yi sallama.

Tsofaffi uku suka shigo, suka same shi zaune tsaf, fuska tas, yana murmushi da rabin baki. Bayan gaisuwa ɗayansu ya hango akwatin a buɗe, asake na ƙyalli.

"Ikon Allah! Ashe gwani gare ka a gida. Shi ya yi maka wannan aski haka?"

Farfesa ya gyara tsayuwa, ya gyara murya, ya fara: "To, a gaskiya, sirrin yana wajen shirya fata..."

"Shi ya riƙe madubi," in ji tsoho. Ya ɗan numfasa, don magana na yi masa wuya yanzu. "Shi ma a karkace."