Likitocin Kaka Masu Fukafukai

"Lafiya lau, sai dai ciwon idon da na samu yanzu da ka shigo," in ji Kaka, ko ɗagowa ba ta yi ba daga kan kujerarta.

Jikanta Mai Sauro ya ajiye ledar da ke hannunsa a bakin gado. Ita ta laƙaba masa wannan suna tun da ya sami aiki a ɗakin binciken ƙwari, inda yake wuni yana feɗe sauro a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu, yana ciro 'yan jakunkunan yawunsu. Yau kam ba hira ce ta kawo shi ba. Mahaifiyarsa ce ta kira shi tana kuka, wai tsohuwa ta daina shan ƙwayar da aka ɗora ta a kai tun da aka gano gudan jini a jijiyar ƙafarta. Likita kuwa ya faɗa ƙarara cewa in gudan ya ɓalle ya haura huhu, sai dai wani labarin. Gida kaf an yi lallashi an gaji. Shi kaɗai ya rage, don shi kaɗai ke da lasisin zaginta.

Ya dubi ɗakin. Taga a wangale, ƙusoshin saman gado tsirara, ga wani baho cike da ruwa ya yi kore a bayan ƙofa. Ƙwaurin Kaka kuwa duk ya yi rudu-rudu da cizo.

"Ciwon ido ai dole, kin ga kyakkyawan miji bayan kin saba kallon bango. Uwargida, ina gidan sauronki?"

"Na sallame shi."

"Laifin me ya yi?"

"Yana hana likitocina shigowa."

"Waɗanne likitoci?"

"Masu fukafukai mana. Ba kai ne ka zauna a nan kana cinye min abinci kana cika baki ba? Ka ce sauro kafin ya sha jini sai ya tofa yawu, yawun ya hana jinin daskarewa. To likita ya ce jinina ya yi kauri. Ƙwayarsa tana tsinka jini, sauro yana tsinka jini. Wancan sai na bi layi tun safe, wannan kuwa har gida yake zuwa, da waƙarsa a baki."

Mai Sauro ya dafe kai. Ashe duk wannan ta'asar daga bakinsa ta fito! Ya tsine wa ranar da ya yi burga da aikinsa a gaban tsohuwar da ba ta manta komai sai inda ta ajiye tabaranta.

"Bahon can fa?"

"Masaukin ma'aikata. Ni ba irin shugabanninku ba ce, ina kula da masu yi min aiki."

"Kaka, ke fa kin fi ƙarfin asibiti. Saurara, in kunnen nan bai yi ritaya ba. Gaskiya ne yawun sauro cike yake da sinadaran furotin iri-iri. Wani yana hana 'yan ƙwayoyin da ke toshe rauni manne wa juna. Wani yana hana jini kamawa. Wani yana buɗe jijiya don jini ya kwararo masa. Amma duk a ɗan wurin da ya soka bakinsa ne, wurin da bai kai kan allura ba. Gudan jininki yana can cikin ƙafa, ko labarin sauron bai ji ba."

"A hankali za su iso shi. Suna kan hanya, daga idon sawu suka faro."

"Kafin yawunsu ya tsinka jininki, sun shanye ki tas. Sai mu shigo mu tarar da zani da ɗankwali a kan kujera."

"Ka ga ka huta, ka gaji kujerar. Da ma ita kake zagaye."

"Kujerar da ta girmi mahaifiyata? Ko kyauta ba na so. Dubi ƙafarki, don Allah. Kumburin nan da ƙaiƙayin, jikinki ne ya ga baƙon yawu ya tashi da faɗa. Kina ta sosawa kamar mai kaɗa molo, kina ƙara wa kanki ciwo."

"Alamar magani na aiki ke nan."

"Alamar an yi miki sata ke nan! Ɓarawo ne fa, ya zo da man da zai shafa wa ƙofa kada ta yi ƙara. Ba don lafiyarki yake tofa yawun ba, don cikinsa ne. Kuma a cikin yawun nan ƙwayar zazzaɓi take biyowa ta shige jiki."

Kaka ta gyara zama, ta kalle shi sama da ƙasa irin kallon da ake yi wa kayan gwanjo.

"To in yawun banza ne, me ya sa kake tatsarsa? Mutane suna tatsar saniya su sha nono, ni mijina sauro yake tatsa. Maƙwabta suka tambaye ni aikinka, na ce wanzamin ƙwari ne."

"Muna nazarinsa ne, ko wata rana a kwaikwayi furotin ɗin a yi magani mai tsabta."

"Wata rana! Tun kana da gashi a ka nake jin wata rana. Ku taru a babban ɗaki da sanyin na'ura, ku nuna wa juna hoton bakin sauro, ku tafa, ku ci kaji, ku watse. Ni kuwa na tsallake duk wannan, na je wurin mai kayan kai tsaye."

Nan ta ɗan same shi, don taron da ya je kwanan baya haka aka yi shi sak, har da kajin. Ya haɗiye dariyarsa da ƙyar.

"Ai kaska ma ta fi sauro iya aiki," ya ce, don ya rama. "Ita yawunta har kumburi da zafi yake kwantarwa, ta kwana ta wuni a jiki ba a sani ba."

"Yauwa! Ka kawo min ita. Babbar likita ke nan, mai kwantar da mara lafiya."

"Zan kawo miki, har da ƙuma da kwarkwata, ki buɗe asibitin koyarwa."

Ta yi dariya har ta buɗe baki sosai, sai ta yi wuf ta rufe da gefen mayafi. Amma ya riga ya gani, dasashinta ya yi ja. Wasan ya fice masa daga rai. Ya jawo kujera 'yar tsugunno ya zauna dab da ita.

"Kaka, bakinki jini yake yi?"

Ta murza bakin mayafin.

"Tun da na fara ƙwayar nan," ta ce a hankali. "In na goge haƙori sai in tofar da ja. Ɗan bugewa kaɗan, hannuna ya yi baƙi. Kakanka haka na zauna ina kallo, jini ya ƙi tsaya masa har ya cika. Ni ba na so a same ni haka."

Tausayinta ya kama shi. Kowa a gidan ya ɗauka taurin kai ne, ashe tsoro ne tsagwaronsa, kuma ba wanda ya zauna ya tambaye ta.

"Shi ne ba ki faɗa ba? Ai wannan abin gyarawa ne. A auna jinin, likita ya rage ko ya sauya miki wata. Yanzu zan kira shi a gabanki."

"Ka kira. Ni dai ina nan da ma'aikatana."

Ya fita tsakar gida ya yi wayar, ya dawo da amsa: ta sha ta yau, gobe a kawo ta a duba. Kaka ta kawar da kai, ta ce ba ta ji ba. Mai Sauro ya san in ya ci gaba da wa'azi, har rana ta faɗi ba za ta motsa ba. Sai ya miƙe ya kakkaɓe wando, ya saki fuska.

"Shi ke nan, kin ci ni. Na yarda magani ne. Da ma matata, kishiyarki, ta ce in gaya miki za ta kawo jaririyarmu ta yi kwanaki a wurinki, tunda kin dame mu da naci. Ga shi an dace. A nan kan gadon za ta kwanta, taga a buɗe, kusa da bahon. Fatarta laushi, likitocin ba za su sha wuya ba."

Kaka ta juyo da sauri har kujera ta yi ƙara.

"Wace jaririyar?"

"Tattaɓa-kunnenki mana. A fara mata rigakafi da wuri."

"Kai, ka haukace ne? Sauro ya taɓa min yarinya? Wallahi ko ɗaya ya sauka a kumatunta sai na ci mutuncinka, kai da madubinka!"

"Ashe? Ai na ji likitoci ne."

Ta dube shi, ta dubi ƙwaurinta da ta sosa har ya yi fari. Sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda ke zuwa da hawaye, wannan karon ba ta ko rufe bakin ba.

"Ɗan banzan yaro! Mugu tun a zanin goyo. Me ke cikin ledar can?"

"Sabon gidan sauro, da ƙwayarki."

"Miƙo min ruwa, ba na bahon ba, mara kunya."

Ta jefa ƙwayar a baki, ta runtse ido ta haɗiye da ruwan. Ya riƙe mata gindin kofin har ta gama. Sannan ta zura hannu ƙarƙashin matashi ta zaro wata 'yar hula ta ulu, ƙarama ƙwarai, wadda bai san tana saƙawa ba, ta cilla masa a ƙirji.

"Ka kai wa jaririyar. Ka ce uwarta ta kawo ta, an kori likitoci. Kuma gobe kai za ka kai ni, kai za ka bi layin, ni ina zaune."